Takalmin Hephzibah a Layin Dogo

Akwai wata yarinya a unguwar Makera, a kudancin Kaduna. Shekarunta goma sha ɗaya, tana aji biyar na firamare. Tana da ƙoƙari a makaranta, sai dai ba ta da gindin zama. Ko abinci take ci, za ka ga ƙafarta tana rawa a ƙasa.

Ba abin da take so kamar jirgin ƙasa. Sau ɗaya tak ta taɓa shigarsa, ranar da suka je tashar Rigasa suka hau zuwa Abuja, bikin ƙanwar Ummanta. Tun daga ranar ta hana kowa sakat. In an ara mata waya, jirgi take kallo. In ta samu fensir, jirgi take zanawa. Har 'yan ajinsu suka sa mata suna Direba.

Can bayan unguwarsu akwai tsohon layin dogo. Ciyawa ta cinye gefensa. Awaki na kwanciya a kai, mata kuma na shanya wanki a kusa da shi. Kullum in an aike ta, sai ta tsaya ta leƙa.

Wata rana Ummanta ta ce, "Ke, kada in sake jin an ga ƙafarki a kan dogon nan."

"Umma, ai jirgi ya daina bi ta nan."

"Ko ya daina ko bai daina ba, na dai hana ki."

Ta ce, "To," amma a baki kawai.

Ranar wata Alhamis, malaminsu Malam Auwal ya zana layi a allo. Sannan ya raba shi gida biyu.

Ya ce, "A nan kudancin gari tsohon layin dogo yake rabuwa. Ɗaya ya nufi Kafanchan. Ɗaya ya bi ta Minna har Legas. Wanda ya yi arewa kuma ya tsallake kogi, ya wuce Zariya da Kano."

Yarinyar ta miƙe tsaye ba tare da ta ɗaga hannu ba.

"Malam, a ina yake rabuwa? Da nisa daga nan? Yaya jirgin yake sanin wanda zai bi?"

Malam Auwal ya yi dariya. "Direba, zauna tukuna. Tambaya uku a numfashi ɗaya?"

Ta zauna, amma hankalinta ya riga ya bar ajin. Ranar Juma'a ma haka ta yini, kamar an zuba mata ƙaiƙayi. Ta ɓata lissafi biyu. Ta manta kwalbar ruwanta a makaranta. Ita dai so take ta ga wurin nan da idonta.

Da safiyar Asabar aka yi ɗan yayyafi. Ana ɗaukewa ta sa hijabinta, ta ɗauki littafin lissafi.

"Umma, zan je gidan su Hephzibah mu yi aikin gida."

Hephzibah ce babbar ƙawarta. Kujerarsu ɗaya a aji, gidansu kuma yana Kakuri, ba nisa.

Umma ta ce, "Ki gaishe da mamanta. Ki dawo kafin azahar."

Mahaifiyar Hephzibah, Madam Grace, tela ce. Shagonta yana ƙofar gidansu. Yarinyar ta same ta tana kan keken ɗinki, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Mama, Umma ta ce Hephzibah ta zo gidanmu mu yi aikin gida."

Madam Grace ta ce, "To, madalla. Hephzibah, fito ga ƙawarki."

Hephzibah ta fito da sabon takalminta na makaranta, mai igiya da maɓalli a gefe. Da suka sha kwana, yarinyar ta ja hannunta suka bi wani lungu.

Hephzibah ta ce, "Nan ba hanyar gidanku ba ce."

"Na sani. Zo mu ga inda layin dogo yake rabuwa. Yanzu za mu dawo."

"Amma kin ce wa Mama gidanku za mu."

"Za mu je mana, daga baya. Ko tsoro kike ji?"

Hephzibah ba ta son a ce mata matsoraciya. Sai ta bi ta.

Suka hau layin, suka miƙe. Yarinyar tana gaba, tana tsalle daga wannan ƙarfe zuwa wancan. Bakinta bai rufu ba. Ta nuna wa Hephzibah manyan ƙusoshin da suka riƙe dogon. Ta nuna mata wani dogon ƙarfe a tsaye, ta ce da shi ake yi wa direba alama ya tsaya ko ya wuce.

Suka wuce bayan garejin wasu kanikawa. Suka wuce wata 'yar gonar masara. Can suka tarar da tsofaffin taragu guda huɗu a wani layi na gefe, duk sun yi tsatsa. Yarinyar ta ɗafe ta leƙa ta taga. Ba kujeru a ciki, sai ƙadangaru da wata kaza a kwance kan ƙwai. Kazar ta yi kuka, yarinyar ta diro tana dariya.

Hephzibah ta ce, "To, mun gani. Mu koma."

"Saura kaɗan."

Suka ƙara gaba. Rana ta fito, zafi ya fara. Gidajen da suke gani yanzu ba su san su ba.

"Ƙawata, mu koma. Ƙishirwa nake ji."

"Na ce miki saura kaɗan."

Da suka ƙara tafiya, Hephzibah ta tsaya cak. "Ni dai zan koma. Mama za ta neme ni."

Yarinyar ba ta ma ji ta ba. Ta riga ta hango abin da take nema. Ta kwasa da gudu tana ihu.

"Ga shi can! Hephzibah, ga shi can!"

Lallai kuwa, a wurin ƙarafan suka rabu. Biyu sun miƙe, biyu sun karkata. A tsakiya sun haɗu sun matse, sun bar 'yar siririyar kafa a tsakaninsu. Can gefe akwai wata hanya da mutane ke tsallakawa. Wata mata tana zaune a ƙarƙashin laima, tana gasa masara tana yanka kwakwa.

Yarinyar ta hau kan ƙarfen dogon, ta buɗe hannuwa, tana tafiya a kai kamar mai rawa.

"Kin iya wannan? Na san ba za ki iya ba."

"Wa ya ce miki?"

Hephzibah ta hau. Taku ɗaya, taku biyu. Ƙarfen kuwa da sauran danshin yayyafi. A taku na uku santsi ya kwashe ta. Ƙafarta ta hagu ta zurma cikin kafar nan, ta faɗi a kan tsakuwa.

"Wayyo ƙafata!"

Yarinyar ta rugo ta kama hannunta ta ja. Ƙafa ta ƙi fita. Takalmin ya maƙale, maɓallinsa ya shige ƙarƙashin ƙarfe. Ta zura yatsu don ta ɓalle shi, yatsun suka kasa kaiwa.

"Ki daina ja! Da zafi!"

"Tsaya, bari in sake gwadawa."

Tana durƙushe, hannunta a kan ƙarfen, sai ta ji yana rawa a hankali. Ta ɗauka hannunta ne ke karkarwa. Sai ta ji ƙara daga nesa.

Fuuuuum!

Ta san wannan ƙarar. Ta sha jin ta a waya. Ta ɗaga kai, ta hango kan jirgi ya ɓullo daga kwana, fitilarsa a kunne.

Ta rungumi Hephzibah ta baya ta ja da iya ƙarfinta. Ko motsi ƙafar ba ta yi ba. Hephzibah ta fashe da kuka tana kiran mamanta.

Fuuuuum! Fuuuuum!

Yarinyar ta miƙe tana tsalle tana ɗaga hannuwa. "Jama'a! A taimake mu! Ƙafarta ta maƙale!"

Mai masarar nan ta waiwayo. Ta yi wurgi da mafici, ta suri wuƙar kwakwa, ta taho a guje, zaninta a hannu. Tana isowa ta ture yarinyar gefe. Ta durƙusa, ta zura wuƙa ƙarƙashin igiyar takalmin. Sau biyu ta yanka kafin igiyar ta tsinke. Ta fizgo Hephzibah, su biyun suka mirgina cikin ciyawa.

Birki ya yi wata irin ƙara mai kashe kunne. Jirgin ya wuce ta gabansu a hankali, ƙasa tana girgiza. Kai ne da taragun kaya guda biyu. Sai da ya wuce wurin gaba ɗaya sannan ya iya tsayawa.

Direban ya diro, gumi ya jiƙa masa riga.

"Ba wanda ya ji ciwo? Tun daga kwana na kama birki. Ku yara, jirgi ba keke ba ne! Ba ya tsayawa nan take!"

Mutane suka taru. Wannan na salati, wancan na faɗa. Yarinyar ta tsaya tsuru-tsuru.

Mai masarar, wadda ake kira Mama Juliana, ta koma kan layin ta zaro takalmin. Ya baje kamar fai-fai. Maɓallin ya lotse ya manne da fatar. Ta miƙa wa yarinyar.

"Riƙe. Ki kai wa iyayenki su gani. 'Ya'yan waye ku? Daga ina?"

"Daga Makera, ita kuma Kakuri."

"Da ƙafa kuka zo har nan? Iyayenku sun sani?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

Mama Juliana ta bar wa maƙwabciyarta masarar. Ta tsayar da keke mai ƙafa uku, ta sa su a ciki, ta raka su har shagon Madam Grace.

Madam Grace na ganin 'yarta ba takalmi ɗaya, idon sawu ya kumbura, ta miƙe har almakashi ya faɗi. Mama Juliana ta faɗa mata komai. Madam Grace ta ɗauki waya ta kira Umma.

"Hajiya, ke kika aiko a tafi da Hephzibah gidanku?"

Yarinyar tana jin muryar Ummanta daga cikin wayar. "Ni? A'a. Ce mini ta yi a gidanku za su yi aiki."

Madam Grace ta ajiye wayar, ta dubi yarinyar.

"Kin durƙusa a gabana kin yi mini ƙarya. Na ba ki 'yata saboda na yarda da ke. Tafi gida. Kada ki sake zuwa nan."

A asibiti aka ce ba karaya, targaɗe ne. Aka naɗe ƙafar da bandeji. Aka ce Hephzibah ta yi sati biyu ba ta taka ta sosai ba.

Yarinyar kuwa ta iso gida da takalmin a hannu. Abbanta mai walda ne. Umma ta kira shi, ya baro shago ya dawo. Yarinyar ta ɗauka duka za ta sha. Amma bai ɗaga hannu ba. Ya karɓi takalmin, ya juya shi, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ni da ƙarfe nake aiki. Na san nauyin da ya yi wannan. Yanzu da ƙafar 'yar mutane tana ciki fa?"

Sai a lokacin kuka ya zo mata. Ta yi ta yi har da shessheƙa.

Umma ta ce, "Ban hana ki ba? Da bakina na hana ki. In kunne ya ji, jiki ya tsira."

Abba ya ce, "Me ya hana ki tambaye ni in kai ki?"

"Na ga za ka ce sai wani lokaci."

"To, in na ce haka, lokacin ba zai zo ba? Gaggawarki ta sa kin yi ƙarya biyu, kin kusa salwantar da rai. Daga yau ba waya, ba fita, sai makaranta da Islamiyya."

Ranar Litinin rabin kujerarsu ba kowa. Ta zauna ita kaɗai. Ta duba ƙofa, ta duba taga, ta sake duba ƙofa. In ta rufe ido, fitilar jirgin take gani.

Ranar Juma'ar satin aka yi gasar gudu ta makaranta. Hephzibah ce ya kamata ta yi wa ajinsu gudu, don ba wanda ya kai ta sauri. Wata guda ta yi tana shiri. Da ba ta zo ba, ajinsu ya zo na ƙarshe. Wasu 'yan ajin suka daina yi wa yarinyar magana.

Bayan an tashi, Malam Auwal ya same ta a bayan aji tana kai da komo.

"Direba, me kike yi a nan?"

"Malam, don Allah ka daina kirana haka."

Ya zauna a kan dakali. "Na ji abin da ya faru. Son jirgi ba laifi ba ne. Son sani ma ba laifi ba ne. Kin san inda laifin yake?"

"Na yi ƙarya. Na hau layi. Kuma ni na ja Hephzibah."

"To, kin faɗa wa mamanta haka?"

"Ta ce kada in sake zuwa."

"Ta faɗa cikin fushi, kuma tana da gaskiya. Kada ki je ke kaɗai. Ki roƙi Ummanki ta raka ki."

Washegari da hantsi suka tafi ita da Umma. Abba ya sayo sabon takalmi ya ba su su kai. A hanya sau biyu yarinyar tana cewa su koma, Umma ta riƙe hannunta gam.

Suka yi sallama. Madam Grace ta amsa wa Umma da fara'a, ta ba ta kujera. Yarinyar kuwa ko kallonta ba ta yi ba. Ta ci gaba da taka kekenta.

Yarinyar ta durƙusa a ƙasa, cikin ƙyallayen atamfa.

"Mama, na zo ba ki haƙuri."

Keke bai tsaya ba.

"Mama, Hephzibah ba ta da laifi. Ba ta san inda za mu ba. Sau uku tana cewa mu koma, na ƙi. Ni na ce ta hau ƙarfen. Ni ce na yi miki ƙarya. Ki yafe mini."

Keke ya tsaya. Madam Grace ta cire tabarau ta dube ta.

"Sau uku? Ita ba ta faɗa mini haka ba. Ce mini ta yi ku biyu kuka shirya."

Yarinyar ta ɗago da mamaki. Ashe duk da ciwon, ƙawarta ta raba laifin da ita. Hawaye suka sake zubo mata.

Daga cikin gida aka jiyo muryar Hephzibah. "Mama, don Allah ki bar ta ta shigo. Na gaji da zama ni kaɗai!"

Madam Grace ta yi ajiyar zuciya. Ta dubi Umma, Umma ta dube ta, sai duk suka yi murmushi.

"Tashi, 'yata. Yau kin faɗi gaskiya, ko da ba ta yi miki daɗi ba. Na yafe. Amma in ƙafa ta warke, ke za ki riƙa ɗaukar mata jaka har ƙarshen zango."

"Na yarda, Mama! Har zango mai zuwa ma!"

Daga nan Umma ta sa suka wuce wurin Mama Juliana, suka yi mata godiya. Ta ba yarinyar masara mai zafi, ta ja mata kunne kaɗan.

Hephzibah ta warke sarai, ta koma makaranta. Kullum da safe yarinyar na zuwa da jaka biyu, ɗaya a baya, ɗaya a gaba.

Ana saura sati a yi hutu, Malam Auwal ya shigo aji da wata takarda. Ya ce ya rubuta wa tashar jirgi wasiƙa, sun yarda ajin ya kai ziyara. Duk mai son zuwa sai iyayensa sun sa hannu.

Yarinyar ta kai wa Abba takardar. Ba ta yi tsalle ba, ba ta yi naci ba. Ta tsaya tana jira, ko da yake yatsun ƙafarta suna motsi. Abba ya dube ta ya yi dariya, ya sa hannu.

A tashar, wani tsohon ma'aikaci mai suna Baba Harrison ne ya zagaya da su. Ya nuna musu tuta ja da tuta kore. Ya nuna musu yadda ake karkatar da layi don jirgi ya bi hanyar da ake so. Ya hau da su bibbiyu cikin kan wani jirgi da ke tsaye, suka ga inda direba yake zama. Yarinyar ta yi tambaya ta fi ashirin, kuma duk ya amsa mata.

Da za su tafi, Baba Harrison ya tara su ya ce, "To, wa zai faɗa mini abu na farko da mai son jirgi ya kamata ya sani?"

Yarinyar ta ɗaga hannu. Ta jira sai da ya nuna ta.

"Baba, layin dogo ba wurin wasa ba ne, ko da ka ga ciyawa ta rufe shi. Kuma in kana son ganin abu, ka tambayi manya su kai ka. Kada ka yi ƙarya ka tafi."

Baba Harrison ya gyaɗa kai. "Wa ya koya miki wannan?"

Hephzibah ta yi caraf ta ce, "Ƙafata ce ta koya mata!"

Duk ajin ya kwashe da dariya, har da Malam Auwal.

Yara, ku ji maganar iyayenku, ku guji ƙarya, kuma ku nisanci layin dogo. Wanda ya yi haƙuri ya tambaya, zai ga abin da yake so, ya kuma dawo gida lafiya.